Mace ita kaɗai a Disneyland ta Paris: Inda tsaro yake da inda ya ƙare

Kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, a yankin da ake kira Marne-la-Vallée, akwai wani gari wanda ba shi da ɗan asali ko ɗaya. Yana da tituna da kantuna da tabki da fada mai hasumiyoyi, amma duk wanda ka gani a cikinsa, ko dai tikiti ya saya ya shigo, ko kuwa albashi ake biyan sa don ya tsaya a wurin. Wannan shi ne Disneyland ta Paris. Kafin watan Maris na 1987, lokacin da Jacques Chirac, yana Firayim Ministan Faransa, ya sa hannu a yarjejeniya da Michael Eisner, shugaban kamfanin Disney na wancan zamani, gonaki ne shimfiɗe a wurin iya ganin ido. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1992 da sunan Euro Disney, aka ƙara masa dandali na biyu a 2002 da sunan Walt Disney Studios. A shekarun nan ziyarar da ake kai wa dandalan biyu tana haura miliyan 15 a shekara, abin da ya sa yake sahun gaba a wuraren yawon buɗe ido na Turai.

Don iyali aka gina shi, kuma kowane hoton talla haka yake nunawa: uba da uwa da yara biyu suna dariya. Sai dai matan da ke zuwa su kaɗai ba kaɗan ba ne, kuma a cikinsu yanzu har da namu, ɗalibai da likitoci da malaman jami'a da 'yan kasuwa waɗanda aiki ko karatu ya kai su Turai, suka sami rarar kwana biyu ko uku suna son su ga abin da suka daɗe suna gani a talabijin. Ni ma haka ta kasance gare ni. Wani horo na mako guda ne ya kai ni Paris a farkon watan Nuwamban 2025, na kuma ware kwana uku a ƙarshensa domin wannan wuri.

Da na faɗa a gida, yayana ya yi shiru, can ya ce, "Horon dai na gane, kuna da yawa. Amma wannan filin wasan, ke da wa?"

Na ce, "Ni kaɗai, Yaya."

Ya ce, "To, da muguwar rawa ai gara ƙin tashi."

Ban ga laifinsa ba, domin ƙauna ce ta sa shi magana. Abin da na gano a kwana ukun nan shi ne, tsoron da muke ji muna ajiye shi ne a inda ba wurinsa ba. Muna tsoron filin wasan saboda taron jama'a da baƙunta, alhali a duk tafiyar babu inda ya kai cikin katangarsa aminci. Abin lura yana tsakanin ƙofa da ƙofa ne: daga filin jirgi zuwa masauki, daga masauki zuwa tasha, daga ƙofar dandalin zuwa gado bayan an kashe fitilu. A waɗannan giɓoɓi ne mace mai tafiya ita kaɗai take buƙatar ilimi, kuma ilimi ne da ake iya samu tun ana gida.

Giɓi na farko yana filin jirgin sama na Charles de Gaulle. Jirgin da ya taso daga Abuja da dare yakan sauka da sassafe, mutum ga gajiya ga barci ga kaya. Ina fitowa daga wurin ɗaukar kaya wani mutum mai tsabtar tufafi ya tare ni da fara'a, yana tambaya ko tasi nake nema, hannunsa har ya kai ga akwatina. Na ce masa a'a, na riƙe kayana na wuce. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: direban tasi na halal ba ya shiga cikin gini farautar fasinja. Yana cikin motarsa a layin da aka keɓe, wanda alamu ke kai mutum gare shi, motar tana da fitila a kan rufi da mita a ciki. Duk wanda ya tare ki a ciki, komai kyan kwat ɗinsa, ba ya cikin wannan tsari, kuma in kin shiga motarsa babu wanda ya san inda kike.

Wadda za ta wuce Disneyland kai tsaye daga filin jirgin tana da hanyoyin da ba sa buƙatar tasi ma. A ƙarƙashin gini na biyu na filin akwai tashar jirgin ƙasa mai saurin gudu, TGV, wanda ke kai mutum tashar Marne-la-Vallée–Chessy cikin kusan minti goma, kuma tashar nan a bakin ƙofar dandalin take. Akwai kuma bas mai suna Magical Shuttle da ke kai fasinja har otel-otel ɗin wurin. Wadda kuma ta taso daga tsakiyar Paris, kamar yadda na yi bayan horon, jirgin RER A za ta hau, tafiyar kusan minti 40 daga tashar Châtelet–Les Halles, a kan Yuro 2.50 a lokacin da na je. Abin kiyayewa a nan shi ne, layin yana rabuwa gida biyu bayan tashar Vincennes. Reshe ɗaya ya nufi Boissy-Saint-Léger, ɗayan ya nufi Chessy, kuma ko a reshen Chessy wasu jiragen a Torcy suke tsayawa. Allon da ke kan dandamali yana nuna tashoshin da jirgi mai zuwa zai tsaya. Minti ɗaya na karanta allon nan ya fi a tsinci kai a wata unguwa da ba a sani ba ana neman hanyar komawa.

Giɓi na biyu zaɓen masauki ne, kuma a ganina shi ne hukuncin da ya fi kowanne nauyi a tafiyar. Kamfanin yana da otel shida a kewayen dandalin. Ɗaya a kan ƙofar shiga yake, uku suna gefen tabki, biyu kuma, Cheyenne da Santa Fe, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, tafiyar kusan minti 20 ce a ƙafa, ga kuma bas kyauta. Akwai na bakwai, Davy Crockett Ranch, ɗakunan katako a cikin daji, wanda sai da mota ake zuwa, don haka bai dace da wadda ba ta tuƙi ba. Tasha ɗaya kafin Chessy kuma akwai Val d'Europe, sabon gari mai babbar cibiyar kasuwanci da otel-otel masu rangwame. Daga nan farashi yana ƙara sauka gwargwadon nisa, har a kai ga masaukan da ke bakin babbar hanya, inda babu tasha kusa, babu kanti, babu mai tafiya a ƙafa bayan magariba. Rangwamen Yuro 30 a irin wannan wuri yakan koma kuɗin tasi da fargaba. Tambayar da ta kamata ki yi wa kowane masauki ita ce: da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ta yaya zan iso ƙofarsa, kuma su wa zan tarar a hanya?

A Val d'Europe na sauka, a wani otel mai tafiyar minti biyar daga tasha. Na isa da rana da gangan, na ajiye kaya, na taka hanyar tasha zuwa da dawowa don ƙafata ta san ta kafin duhu, domin a watan Nuwamba ƙarfe biyar da rabi rana ta riga ta faɗi a Paris, saɓanin watan Yuni da haske ke kaiwa kusan ƙarfe goma. A wurin karɓar baƙi, matashin da ke aiki ya miƙo mini katin ɗaki yana faɗar lambar ɗakin da hawan benen da ƙarfi, ga maza uku tsaye a bayana suna jiran layi. Wataƙila babu mai mugun nufi a cikinsu, amma ba ni da hanyar sani. Na rage murya na roƙe shi ya sauya mini ɗaki, ya rubuta lambar a takarda. Ya fahimta nan take, ya ba ni haƙuri, ya sauya. Abin bai ɗauki minti biyu ba, kuma shi ya ba ni barci mai daɗi na dare biyu.

Washegari na shiga cikin katangar. Daga fitowa tashar Chessy, kafin a kai ga ƙofar tikiti, kowa sai ya bi ta rumfar bincike, jaka ta bi ta na'ura, mutum ya bi ta ƙofar gano ƙarfe. Wannan tsauri yana da tarihi. Bayan hare-haren 13 ga Nuwamba 2015 da suka kashe mutum 130 a Paris da kewayenta, an rufe dandalin na kwana huɗu. A watan Janairun 2016 kuma na'urar binciken kaya a ɗaya daga cikin otel-otel ɗin ta gano bindigogi biyu a jakar wani mutum, aka kama shi tun a bakin ƙofa. Ban da ma'aikatan tsaron kamfanin, a wajen tasha akan ga 'yan sanda, wani lokaci da sojojin da ke sintiri a wuraren taruwar jama'a a Faransa tun 2015.

Da an wuce ƙofa sai a faɗa wani titi mai suna Main Street, wanda aka gina a siffar ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20, da kantuna masu rumfa da taragon da doki ke ja a wasu ranaku, ga ƙamshin gugguru da kiɗa mai taushi da ba a ganin inda yake fitowa. A ƙarshen titin fadar take, ruwan hoda da rufi shuɗi, an aske bishiyoyin gefenta sun zama masu kusurwa huɗu kamar a littafin tatsuniya. A ƙarƙashinta akwai kogo mai duhu inda wani ƙaton dodo na inji yake kwance ɗaure da sarƙa, yakan ɗaga kai ya yi gurnani ya fesa hayaƙi, yara su ƙanƙame iyayensu. Ta hagu akwai wani dutse ja a tsakiyar ruwa, Big Thunder Mountain, wanda jirginsa ke bi ta ƙarƙashin ruwan kafin ya ɓulla a tsibirin ya yi ta gudu da juyi. Ta dama kuma ɓangaren da aka gina don girmama marubuta irin Jules Verne, masu hasashen tafiya zuwa wata tun kafin a ƙera jirgin sama.

Na yini ina yawo a wannan wuri, ban ji ko sau ɗaya an bi ni da kallon da ke sa mace ta gyara mayafi ba. Na zauna na ci abinci ni kaɗai, babu wanda ya ɗauki zamana a matsayin gayyata. Da na tsaya ina nazarin dalili, sai na ga ba wai mutanen ciki sun fi na waje kirki ba ne. Tsari ne ya yi aikin. Ko'ina akwai haske. Da wuya ki yi taku hamsin ba ki ga ma'aikaci ba, kowanne da sunansa a ƙirji, wasu da 'yan tutoci masu nuna harsunan da suke ji. Kowa ya bi ta bincike, kowa ya biya kuɗi mai yawa da ba ya so a kore shi ya yi asara. Ofishin taimakon baƙi, City Hall, yana hagu da an shigo, ɗakin agajin gaggawa kuma yana kusa da dandalin tsakiya. Mai niyyar ɓarna yana son duhu da kaɗaici da hanyar sulalewa, nan kuwa an hana shi duka.

Kaɗaici ma yana da ribarsa a ciki. A wasu wasannin, irin su Ratatouille da Hyperspace Mountain, akwai layi na musamman da aka rubuta wa Single Rider, na masu hawa su kaɗai, waɗanda ake cike gurbin kujerun da iyalai suka bari da su. Sau da yawa wannan layi ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Za ki zauna kusa da wanda ba ki sani ba na minti biyu ko uku, a gaban ma'aikata da kyamarori, sannan kowa ya kama gabansa.

Duk da haka akwai abubuwan da katanga ba ta hanawa. Na farko sane. Inda mutane suka cunkushe suna kallon sama, a lokacin faretin rana ko wasan wuta na dare, nan ɗan sane yake kasuwarsa, kamar yadda yake yi a kowace kasuwa ta duniya. Jakata mai zif ce, na rataye ta a gaba. Fasfo na ainihi da rabin kuɗina suna jikina a wuri dabam, hotonsa da na biza da takardar inshorar lafiya, wadda dole ce ga mai neman bizar Schengen, suna cikin waya, kwafi kuma yana wurin 'yan gida. Na biyu mutuwar waya. A nan tikiti da taswira da tsawon layuka duk a manhaja suke, ga ɗaukar hoto, ga sanyi da ke shanye batir. Wadda wayarta ta mutu ƙarfe tara na dare ta rasa taswira da agogo da hanyar kiran taimako a lokaci guda. Batirin caji na aljihu da takarda mai ɗauke da adireshin otel da hannu aka rubuta sun fi kowace tsaraba daraja.

Na uku firgicin taro. A watan Maris na 2019 wata ƙara mai ƙarfi, wadda daga baya aka ce matsalar inji ce, ta sa jama'a suka zaci harbi ne a yankin kantuna da gidajen abinci na Disney Village, aka yi ta gudu ana ɓuya kafin hukuma ta sanar cewa babu wani hari. A irin wannan hali turmutsutsu ne abin tsoro, kuma wadda take ita kaɗai ba ta da mai ɗaga ta in ta faɗi. Shi ya sa a wurin kallo nakan tsaya a gefe, kusa da bango ko mafita. A bayan kantunan Main Street, hagu da dama, akwai dogayen barandu biyu rufaffu da aka gina saboda ruwan sama da sanyin Paris. Mutane da yawa ba su san da su ba, kuma ta nan ake fita cikin natsuwa sa'ad da titin ya toshe.

Akwai kuma maganar sutura, wadda ta shafi da yawa daga cikin matanmu. Dokar Faransa ta 2010, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2011, ta hana rufe fuska a wuraren jama'a, da tarar da ke iya kaiwa Yuro 150. Wannan ya shafi niƙabi. Hijabi da ɗankwali da mayafin da ya bar fuska a buɗe ba su cikin hanin, kuma na ga mata masu lulluɓi birjik a wurin, daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Faransa kanta. Shawarata kawai ita ce, dogon gyale mai tashi ba abokin jirgin majaujawa ba ne. Ƙaramin hijabi da aka cusa cikin rigar sanyi ya fi kwanciyar hankali.

Sai dare, wanda shi ne giɓi mafi faɗi. Ana rufe dandalin da wasan wuta da haske a jikin fadar, dubban mutane su yi tsit suna kallo, ana gamawa kuma kowa ya juya lokaci guda ya nufi ƙofa. A cikin minti ashirin mutum ya fita daga hannun kamfani ya koma hannun gari. Babu alamar da ke sanar da wannan sauyi, kiɗan ma yana bin ki har bakin tasha, shi ya sa jiki yake ci gaba da sakewa bayan dalilin sakewar ya ƙare. A Disney Village ana sayar da giya, don haka masu fitowa daga can da dare ba duka ne a hayyacinsu ba. A bakin tasha kuma akwai masu tallar kayan wasa da masu tayin mota.

A darena na ƙarshe na koma Paris ne domin jirgin gida na washegari. Na shiga RER A a Chessy, na zauna a hawan ƙasa kusa da iyalai masu yara sanye da kunnuwan Mickey. A Val d'Europe wasu suka sauka, a Bussy-Saint-Georges wasu, a Torcy wasu, har ɓangaren da nake ya zama kusan fayau. A wata tasha wani mutum ya shigo, ya wuce kujeru fiye da goma da babu kowa, ya zauna a jikina. Ya yi gaisuwa, ya tambayi ƙasata, sannan ya yi tambayar da ita ce ainihin abin da ya kawo shi: ko ni kaɗai ce? Na ce ana jira na. Na miƙe na nufi wajen ƙofa inda na hango wasu mutane. Ya biyo ni yana magana ƙasa-ƙasa. A nan na juya na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na faɗi jimlar Faransanci da na haddace tun a gida, "Laissez-moi tranquille," wato ka rabu da ni. Kawuna suka ɗago. Wata dattijuwa mai jakar cefane ta janye jakarta daga kujera, ta yafito ni, ta ce in zo in zauna, tana kira na 'yarta. Wani saurayi ya cire abin jin kiɗa daga kunnensa ya zuba wa mutumin ido. Da jirgin ya tsaya a tasha ta gaba, mutumin ya sauka.

Abin da ya same ni ba baƙo ba ne ga matan ƙasar. A wani bincike da ƙungiyar masu amfani da sufurin jama'a ta Faransa, FNAUT, ta fitar a 2016, kashi 87 cikin 100 na matan da suka amsa sun ce an taɓa tsangwamar su a jirgi ko bas ko tasha. A watan Agustan 2018 Faransa ta yi dokar da ta mayar da tsangwamar mata a titi laifi mai tara nan take, daga Yuro 90, a ƙarƙashin jagorancin Marlène Schiappa, mai kula da daidaiton mata da maza a gwamnatin lokacin. Daga 2023 aka tsananta hukuncin idan a cikin abin hawa na jama'a aka aikata, tarar tana kaiwa Yuro 3,750. Akwai lamba ta musamman ta neman agaji a jiragen ƙasa, 3117, da 31177 ga wadda ba ta son a ji muryarta sai ta aika saƙo. Lambar 'yan sanda 17 ce, 112 kuma tana aiki a duk Tarayyar Turai. A kan dandamalin tashoshi akwai na'urorin kira da ke haɗa mutum da ma'aikata kai tsaye. Bayan ƙarfe goma na dare kuma, fasinjar bas a Paris tana iya roƙon direba ya sauke ta tsakanin tasha da tasha, kusa da inda za ta. Dokokin nan suna kare baƙuwa kamar yadda suke kare 'yar ƙasa, amma wadda ba ta san da su ba tamkar babu su ne a wurinta.

A cikin jirgin nan na daɗe ina tunanin abin da ya fi wuya a 'yan daƙiƙun da suka wuce, sai na ga ɗaga muryar ne. Mu an rene mu da kunya da kara. An koya mana cewa 'ya mace ba ta ɗaga murya a bainar jama'a, ba ta ƙin amsa gaisuwa, ba ta ba babba kunya. Tarbiyya ce mai kyau a inda kowa ya san kowa, inda mutum ke tsoron a kai ƙararsa gidansu. Amma mai tsangwama a jirgin dare da wannan tarbiyya yake aiki. Yana farawa da gaisuwa ne don ya san da wuya a ƙi amsa ta, yana magana ƙasa-ƙasa don yana sa ran ke ma za ki taya shi ɓoye abin. Magabata sun riga sun raba mana gardama da suka ce tsoro na daji, kunya ta gida, suka kuma ce kunyar mara kunya asara ce. Ba rashin tarbiyya ba ne ki ƙi gaya wa baƙo inda kika sauka, ko ki tashi ki bar masa kujera, ko ki sa jama'a su juyo. Wadda ba ta saba ba, ta gwada faɗar jimlar a ɗakinta kafin tafiya, domin maƙogwaro yakan ƙulle a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma tare suke aiki. Mutum ɗaya a gida ya san jadawalinki, ki kuma aika masa saƙo idan kin shiga ɗaki. Hotunan da za ki sa a Facebook ko Instagram su jira sai kin bar wurin, domin babu dalilin sanar da duniya inda kike a daidai wannan sa'a. Ki san lokacin jirgin ƙarshe tun da rana, ki kuma ɗauki wanda ya gabace shi da nisa a matsayin naki. Idan za ki tambayi hanya, matambayi ba ya ɓata, amma ki zaɓi wanda za ki tambaya: ma'aikaci mai kaki, ko mace mai yara.

Matanmu suna tafiya, kuma za su ci gaba da tafiya, don karatu da aiki da fatauci da buɗe ido. Hana su bai rage yawan masu tafiyar ba, sai dai ya sa wasu suna tafiya a ɓoye, ba tare da kowa ya san masaukinsu ba, wanda shi ne haɗarin da ya fi kowanne. Iyaye da mazaje da yayye masu ƙaunar 'ya'yansu da matansu da ƙannensu suna da tambayoyin da suka fi "ke da wa?" amfani. Ina za ki sauka, kuma minti nawa ne daga tasha? Wane jirgi za ki hau da dare? Wace lamba za ki kira? Wadda ta amsa waɗannan ba tare da in'ina ba ta shirya, a yi mata addu'a a sallame ta. Wadda ta kasa kuma, a zauna da ita a nemo amsoshin kafin ta ɗaure kaya.